Ranar da Baba Ya Sauko daga Betso Don Kallon Ƙwallo

Edita, ina yi maka fatan alheri, kai da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina juya labarin nan a raina kafin na yarda in rubuto shi, kuma ina roƙo a bar shi yadda na aiko, babu sunan kowa.

A lokacin da abin ya faru ni tela ce a Lamorde, cikin Mubi, da ɗan shago mai ƙofa ɗaya da keken ɗinki biyu, ɗaya na aiki, ɗaya kuma ya zama wurin ajiye yadi. Mijina ya rasu da jimawa, Allah bai ba mu haihuwa ba, don haka duk son da ke cikina ya tattara ya koma kan ƙanena, autan gidanmu. Mamarmu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Ni na goya shi, ni na kai shi makaranta, da na yi aure kuma na sauko da shi daga ƙauyenmu Betso ya zauna a wurina. Adda yake ce mini, yadda yaran unguwa ke kiran yayyensu mata. Mutane ba su san ni da komai ba sai ɗinki da zumuntar mata a coci, sai kuma cewa ni ce yayar yaron nan mai ƙwallo. Wannan na ƙarshen ya fi mini daɗi, ko da yake ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Tun yana ƙarami ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya buga ƙullin tsumma, ya buga ɗanyen lemo, ya buga a yashin mayo, wato kogi, da rani idan ruwa ya janye, har tafin ƙafarsa ya zama kamar fatar ganga. Babanmu manomi ne, kuma a wurinsa ƙwallo aikin wanda ya ƙoshi ne. Sun sha yin faɗa a kan haka. Ranar da wani mutum ya ga wasansa ya ɗauke shi zuwa kudu, daga can kuma aka tsallaka da shi wata ƙasa mai sanyi a Turai, na kai shi Betso ya yi sallama. Baba bai hana shi ba, bai kuma sa masa albarka ba. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya, ya ce Allah ya kiyaye hanya ba tare da ya ɗaga kai ba. Shi ke nan abin da ya shiga tsakaninsu.

Ƙasar da ya je ba ta cikin waɗanda ake nuna wasanninsu a gidajen kallo na Mubi. Na je na tambayi wani mai gidan kallo a kusa da kasuwa ko zai iya kamo mini. Ya yi dariya, ba ta wulaƙanci ba, ya ce mini ko manyan wasannin da kowa ke so, kuɗin biyansu ya yi tashin da shi kansa yana tunanin ya sayar da bencinansa ya koma sayar da man fetur a kwalba. Ya ce irin wasan da nake nema, masu haƙƙin nuna shi a intanet suke nunawa, kuma da kuɗin waje ake biya. Wata mai kawo mini ɗinki da ke aiki a banki ta duba mini. Da ta juya farashin zuwa naira sai na ga abin da za a biya a wata guda ya kusa cinye ɗinkin da nake samu a lokacin Kirsimeti, ga shi katina na banki ma ba ya biyan irin wannan. Da na faɗa wa ƙanena, nan take ya ce in bari shi zai riƙa biya daga can. Na ƙi. Na san albashinsa bai taka kara ya karya ba, ɗaki ɗaya suke kwana da wani yaro ɗan Afirka, kuma yana tara abin da zai rufe ɗakin Baba da kwano. Wannan shi ne dalilin da na ba shi. Amma akwai wani dalili da na riƙe a cikina. Ina ganin yaron da na goya a bayana har ya yi mini fitsari a zane, yaya za a yi wani bature da bai san shi ba ya ce sai na biya shi kafin in ga fuskarsa?

Mai gyaran wayata a kasuwa shi ya nuna mini hanya. Har yau ban yarda cewa da mugun nufi ya yi ba, domin shi ma da ita yake kallo. Ya sa mini wata manhaja a waya, ya ce kyauta ce, babu wasan duniya da ba ta kamawa, data kawai zan saya. Da ta fara tambayoyi da Turanci, ko ta shiga hotuna, ko ta shiga saƙonni, ko ta ga lambobin mutane, ya ce in yi ta danna na yarda, haka kowa ke yi. Ya kuma sa ni a wani zaure na manhajar hira, inda masu abin ke turo sabuwar hanyar shiga duk sa'ad da masu haƙƙi suka toshe tsohuwar. Ban san su ba, ban san garinsu ba. Suna gaishe mu da Hausa mai kyau, suna ce mana 'yan uwa.

Ba zan manta ranar farko ba. Lahadi ce bayan an tashi coci, rana ta take, kwanon shagona yana ƙara don zafi. Na rufe ƙofa rabi, na jingina wayar da keken ɗinki. Ta yi ta juyawa, tallan caca ya fito ya rufe komai, na kore shi, wani ya fito. Can sai fili ya bayyana, kore shar, irin koren da ko a tsakiyar damina ba na gani a tsaunukanmu, kuma wani farin abu yana sauka a kansa a hankali kamar an yayyafa audugar rimi. Mai sharhi yana magana da wani yare mai kama da tari. Ina zaune gumi na bin bayana, amma na rantse na ji sanyin ya taɓa mini fuska. Sai kyamara ta bi ta kan benci, ga ƙanena a dunƙule cikin wata ƙatuwar riga, numfashinsa yana fita fari kamar hayaƙin murhu da safe. Na sa yatsa na taɓa gilashin. Dab da tashi aka sa shi, ya taɓa ƙwallo sau kaɗan, mai sharhin ya kira sunan gidanmu ya karya shi gida biyu. Na yi dariya ni kaɗai har hawaye suka zo. Bayan an tashi na daɗe a zaune ban san inda nake ba, ko Mubi ko can.

Daga nan sai Lahadi ta zama ranar da nake rayuwa dominta, sauran kwanakin kuwa jira ne kawai. Maƙwabcin shagona wani Alhaji ne mai sayar da atamfa, iyayensa daga wajen Katsina suka zo tun bai yi wayo ba. Da ya ga yadda nake ƙura wa ƙaramar waya ido, ya sa aka ɗauko tsohuwar talabijin daga gidansa aka haɗa da wayar, muka ja wuta daga solarsa. Mutane suka fara taruwa. Mata 'yan zumunta, masu acaba, mai shayin bakin titi, wasu ma ba su san dokar wasan ba. Idan aka kira la'asar Musulmin cikinmu su tafi masallaci, su dawo suna tambaya tun daga ƙofa ko yaronmu ya shiga. Wani lokaci hoton ya tsaya cak, ƙwallo tana rataye a sama, ɗan wasa ya ɗaga ƙafa bai sauke ba, mu ma mu yi tsit kamar an tsayar da mu tare da su. A irin wannan lokacin nakan ji kamar shagon ya rabu da ƙasa yana yawo da mu a wani wuri tsakanin zafi da ƙanƙara. Sau ɗaya Alhaji ya tambaye ni, su waɗannan da ke nuna mana kyauta, wa ke ciyar da iyalinsu? Na ce masa Allah. Muka yi dariya, aka ci gaba da kallo.

Labari ya hau tsauni ya isa Betso. A lokacin yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, abin da ke nesa sai inuwarsa yake gani. Wata rana ƙanen Baba ya zo cin kasuwa ya tsaya a shagona, ya ce Baba ya aiko a tambaye ni ko gaskiya ne ana ganin yaron a cikin akwati. Idan gaskiya ne, yana so ya gani da idonsa tun idon bai gama tafiya ba. A cikin makon nan kuma ƙanena ya turo mini saƙon murya yana haki don murna, wai mai horar da su ya ce da shi za a fara wasan Lahadi, karo na farko tun zuwansa, kuma mutanen wata babbar ƙungiya za su zo duba 'yan wasa. Sai na ga kamar Ubangiji ne ya haɗa abubuwan biyu da hannunsa. Na yanke shawarar in sa a kawo Baba ba tare da ƙanena ya sani ba. In zaunar da shi gaban talabijin, in ɗauki hotonsa yana kallo, in tura bayan an tashi. Na aika Betso na ja wa kowa kunne cewa ko yaron ya kira, kada wanda ya kuskura ya faɗa masa dalilin zuwan Baba gari.

A tsakiyar makon saƙo ya shigo zauren nan. Suka ce masu haƙƙi sun matsa musu, za a rufe kowa, duk mai son kallon ƙarshen mako sai ya sabunta rajistarsa. Suka ba da wasu lambobi masu tauraro a gaba suka ce a danna kamar za a yi kira, sannan wata lamba za ta shigo ta saƙo, a tura musu ita. Ina tsakiyar yankan yadi, zuciyata kuma tana kan Lahadi. Na danna, lambar ta shigo, na tura, ko karanta abin da ke rubuce a ƙasanta ban yi ba. Jim kaɗan manhajar hirar ta fitar da ni. Na ce matsalar waya ce, zan kai gyara bayan Baba ya koma. Abu ɗaya na duba, ko manhajar kallon tana aiki, na ga tana yi, hankalina ya kwanta. Daga ranar wayata ta yi shiru, babu kira ko ɗaya. Maimakon in tsorata sai na ji daɗi, na ce masu ɗinki sun bar ni in huta. Na zauna na ɗinka wa Baba sabuwar riga mai ruwan toka.

Ranar Juma'a aka kawo shi a kan babur. Saboda hanyar duwatsu ce kuma jiri na ɗibarsa, sai aka ɗaure shi da zane a bayan ɗan ƙanensa mai tuƙin. Haka mutanen Betso suka ga an wuce da shi. Kwanakin da ya yi a wurina kafin wasan suna cikin mafi daɗin da na taɓa yi. Lokacin mangwaro ne. Yana zama a gindin bishiyar da ke gaban shago yana sha, yana yi mini tambayoyi da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, kowa kai ne a wurinsa. Ko ƙanƙarar nan tana kashe shuka? Ko mutanen can suna da dawa? Ko yaron yana zuwa coci? Bai taɓa tambayata game da shi haka ba. Ina ba shi amsa ina taka keke, ina jin kamar mafarki nake yi wanda ba na so a tashe ni.

Ranar Lahadi shagon ya cika har waje. Aka sa wa Baba kujera dab da talabijin, hancinsa ya kusa taɓa gilashi, sanye da sabuwar rigarsa. Hoto ya zo tas a ranar, ko tsayawa bai yi ba. 'Yan wasa suka fito a jere, kyamara tana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Na bi su har na ƙarshe, babu ƙanena. Na ce wataƙila an canza shawara, yana benci. Aka nuna benci, babu shi. Baba kuwa yana ta laluben gilashin da ido, har ya hango baƙin mutum ɗaya da ke cikin filin, wato yaron nan da suke ɗaki ɗaya. Ya ɗora yatsa a kansa ya ce, "Shi ne wannan?"

Kafin in buɗe baki wani daga baya, don tausayi, ya ce shi ne, Baba. Fuskar Baba ta washe. Ni kuma ban gyara masa ba, babu wanda ya gyara. Haka ya zauna daga farko har ƙarshe yana bin ɗan wani da ido, yana cewa ya ƙara tsawo, yana cewa wannan gudun na mamarsa ne, ita ma haka take idan ta hango hadari tana gona. Da yaron ya faɗi Baba ya miƙe tsaye, da ya tashi ya koma ya zauna. Ban ɗauki hoton ba. Ina tsaye a bayansa hannuna a kan kujerarsa, ina jin hayaniyar filin kamar daga cikin rijiya.

Da aka watse na ari wayar Alhaji na kira lambar ƙanena, a kashe. Na yi ta kira, a kashe. Na ce ko ya ji rauni a wurin atisaye, ko ba shi da lafiya. Washegari da safe na tafi wurin mai gyaran waya don ya maido mini da manhajar hira. Ya karɓa yana wasa da dariya, ya ɗan danna, sai na ga dariyar ta ɗauke. Ya tambaye ni ko na danna wasu lambobi kwanan nan, na ce e. Ya ce lambobin farko sun karkatar da duk kiran da ake yi mini zuwa wani layi, ta biyun kuma da ita aka buɗe hirata a wata wayar. Ya ce duk wanda ya neme ni tun ranar, da wani ya yi magana, ba da ni ba. Ban san yadda na dawo shago ba. Ina isa, ban ko ajiye jaka ba, wani keke napep ya tsaya a bakin titi, wani dogon mutum ya sauko da ƙaramar jaka, da rigar sanyi a jikinsa cikin wannan zafin na Mubi, idanunsa sun kumbura. Sai da ya matso na gane shi. Ya kama hannuna biyu, ya ce, "Adda, na same shi da rai?"

Daga cikin shago Baba ya ce wane ne a nan. Ƙanena ya saki hannuna. Ya leƙa, ya ga tsoho zaune da mangwaro a hannu, ruwansa yana bin gwiwar hannunsa. Ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa.

A nan zaune ya ba ni labari, a gutsure. Tun ranar da na tura lambar, saƙo ya fara zuwar masa daga gare ni, da irin maganata, har da sunan wasan da nake kiransa da shi tun yana goye, domin manhajar kallon ta daɗe tana karanta hirarmu. Ɓarayin suka ce Baba ya faɗi, yana asibiti. Suka tura masa hoton Baba kwance da ƙarin ruwa a hannu, hoton da ni na ɗauka bara lokacin da zazzaɓi ya kwantar da shi, yana nan cikin wayata. Ya kira layina, wani namiji ya ɗauka ya ce shi likita ne, yayarsa tana gefen gado tana kuka ba za ta iya magana ba, kuma sai an yi aiki da gaggawa. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya yi ta neman Betso har sabis ya kama, ya samu matar ƙanen Baba. Ya tambaye ta ina Baba. Ta ce an tafi da shi Mubi a ɗaure a kan babur. Ya ce me ya same shi? Ta tuna kunnen da na ja musu, ta yi ta inda-inda, ta ce ita dai ba za ta iya faɗa ba, ya tambayi Addarsa. Wannan ya gama da shi. Ya tura musu duk abin da ya tara. Suna karɓa suka daina amsawa, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin abin da ake ɓoye wa wanda ke nesa. Mai horar da su ya roƙe shi ya tsaya ya buga wasan, washegari su da kansu za su sa shi a jirgi. Ƙanena ya ce ba zai iya gudu a fili ana wanke gawar ubansa ba. Ya ari kuɗin jirgi ya fita daga sansani ba da izini ba. Lokacin da Baba ke zaune yana nemansa a cikin gilashi, shi yana sama yana tahowa.

Baba yana ji, amma bai gane ba. Ya ce, "Ba kai na gani jiya kana gudu cikin akwati ba?" Ƙanena ya dube ni. Dole na durƙusa na faɗi komai da yarenmu, tun daga manhajar har zuwa yaron da muka bari ya ɗauka nasa ne. Baba ya goge hannunsa a sabuwar rigar. Ya ce ƙanena ya matso. Ya shafa kansa, ya shafa kumatunsa da kafaɗunsa kamar mai duba ɗan maraƙi. Sannan ya ce a hankali, "Ashe da mutuwar ce da gaske, da ka zo." Ƙanena ya kifa kai a cinyarsa ya yi kukan da rabon da in ji ya yi irinsa tun yana yaye.

Bayan makonni kaɗan ƙungiyar ta aiko cewa ta soke kwantiraginsa saboda ya tafi ba izini ranar babban wasa. Ya yi musu bayani, ya tura musu shaida, suka ce sun tausaya, amma an riga an ba wani gurbinsa. Wakilin da ya kai shi ya fara cewa a yi haƙuri, daga baya ya daina ɗaukar waya. Takardun zamansa a can suka mutu. Mun kai ƙara inda ya kamata, aka rubuta, har yau shiru. Zauren nan ya ɓace, ya sake fitowa da sabon suna, kuma na san mutanen unguwarmu da ke cikinsa yanzu haka. Na mayar wa Alhaji talabijin ɗinsa, bai ce mini ai na faɗa miki ba, ya dai ce Allah ya mayar da alheri. Ƙanena kuma bai taɓa ɗaga mini murya ba, wannan ya fi mini ciwo. Sau ɗaya kawai, muna cin abinci, ya ce, "Adda, da kin bar ni na biya." Ya ci gaba da cin abincinsa.

Da damina ta sauka ya hau Betso ya yi wa Baba noma. Idon Baba ya gama rufewa yanzu, kuma idan za shi coci, kafaɗar yaron yake dafawa. Mutane suna ce mini in duba wannan, wai wani hanin ga Allah baiwa ne, da bai dawo ba da uba da ɗa ba su shirya ba. Ina jinsu, wani lokaci har in so in yarda. Amma ni nake ganinsa da sassafe yana gudu shi kaɗai a gefen hanyar Michika, ni nake ganin yadda yake juya baya idan ya wuce gidan kallo. Yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya a nan gari, yana tura bidiyon wasansa ga duk wanda aka ce yana da hanya. Shekarun ɗan ƙwallo kuwa ba su da yawa, kamar ruwan mayo ne, kana kallo yake janyewa.

Ba na cewa talaka ya yi laifi don ya yi kukan tsada. Kuɗin kallo na halal ya fi ƙarfin yawancinmu, kuma da masu haƙƙin nan za su ji ta bakin irina, da na roƙe su su tuna cewa yaran da ke cika musu fili daga gidaje irin namu suka fito. Amma abin da na koya shi ne, wanda ya buɗe maka taga kyauta don ka leƙa duniya, shi ma ta nan yake leƙa ɗakinka. Na yi wata da watanni ina kallon ƙanena, ban san ana kallona ba. Na kuma koyi cewa girman kai yana iya sa rigar tausayi ya zo, domin da na karɓi taimakon da aka miƙo mini, da ban je neman na ɓarayi ba.

Don haka ina roƙon duk mai karanta wannan, musamman wanda ke da nasa a nesa. Idan ba za ka iya biya ba, ku haɗa hannu ku biya tare, ko ka je gidan kallon da ya biya, ko ka haƙura a ba ka labari. Kada ka danna lambar da baƙo ya ce ka danna, kada ka tura wa kowa lambar da ta shigo wayarka ko da ya kira ka ɗan uwa. Idan wayarka ta yi shirun da ba ta saba ba, kada ka ce hutu ne, ka bincika. Ka ba naka na nesa lambar maƙwabci da zai iya kira ya ji gaskiya. Kuma kada ka ɓoye wa mutum abin farin ciki don ka ba shi mamaki, faɗa masa tun yana da amfani.

Ni dai ina nan Lamorde ina ɗinki. Idan ƙanena ya sauko gari yakan zauna a shago ya taya ni hira. Wani lokaci wayarsa takan yi ƙara da baƙuwar lamba mai tsawo, irin ta ƙasar waje. Sai in ɗauke ƙafa daga keke, shi kuma ya miƙe ya fita waje da ita, ni ina zaune ina kallon bayansa ta ƙofa, ina jira in ga yadda zai juyo.